Labarin Dubagari da Sarkin Magina a Ƙasar Gusau

Da aka ce za a buga wannan ɗan littafi don tunawa da ma'aikatan En'e, na san alƙalai da ma'aji da malaman haraji ba za su rasa mai ba da labarinsu ba. Saboda haka na ga ya kamata in yi magana a kan waɗansu ma'aikata da ba a cika sa sunansu a takarda ba, watau masu duba gini da tsabtar gari a ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu. Waɗannan bayin Allah in sun yi aikinsu sosai ba a ganin kome, gama ɗakin da bai faɗi ba ba shi da labari. Sai ran da ruwa ya ci unguwa, ko wuta ta tashi cikin kasuwa, sa'an nan a ke waiwayowa a ce, ina waɗanda aka sa su duba? En'e kanta ta kau tun 1976, amma aikin nan bai kau ba, ya rarrabu ne tsakanin masarauta da ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha. Don haka labarin ya shafe mu, mu da muka gaji kujerunsu.

Sai mu fara da ƙasar, don ita ce ke yanka wa mai gini sharaɗi. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau, ya wuce ta Bungudu, ya nufi Bakolori kusa da Talatar Mafara, kana ya je ya haɗu da Rima. Da rani ko yaro ya kan ƙetare shi, ba kome sai rairayi da 'yan tafkuna nan da can. Baƙon da ya gan shi cikin Maris ba zai yarda ba in an ce masa ya kan ci gida. Amma da marka, cikin Agusta da Satumba, in an kwana ana ruwa a can sama, sai ya cika ya batse cikin dare ɗaya, ya nemi fadamarsa, ko da a Gusau ba a yi ko ɗigo ba. Tsafe kuwa halinta dabam ne. Ƙasar duwatsu ce, kamar Kwatarkwashi, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka a kansa duka sai ya gangaro gaba ɗaya, ya bi kwari, ya haƙe gindin duk katangar da ya tarar a hanyarsa. In damina ta wuce kuma ba a huta ba, gama hunturu na tafe da iska, jinka ta bushe, kara na jibge a tsakar gida, tartsatsi ɗaya ya isa.

Mutanen da sun san wannan duka. 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, ta faɗa hannun Muhammadu Bello cikin 1806, daga wannan zamani ne kuwa Gusau ta fara ɗaukaka a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa. Har yau sunayen sarautu na tuna mana da asali, ga Sarkin Katsinan Gusau, ga 'Yandoton Tsafe, ga Sarkin Fulanin Bungudu. Garuruwan wancan zamani don tsoron hari aka tsara su, da ganuwa da ƙofofi, amma ganuwar ta yi wani amfani da ba shi aka nufa ba, watau ta tattara jama'a wuri ɗaya, ta hana su warwatsuwa cikin fadama. Bakin gulbi na masu rake da albasa ne, da masunta, a tafi da safe a komo da yamma.

Ban da al'ada kuma akwai shari'a. Malaman mazhabar Maliku sun yi dogon bayani a kan gini da haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya. Sun ce rijiya na da harimi, gulbi na da harimi, gari ma haka, watau wani sarari a kewaye wanda ba a yarda mutum ɗaya ya mallake shi ya toshe ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, sunansa Ta'alimur Radi, a ciki ya taɓo maganar harimin nan. A birnin Tunis kuma, cikin ƙarni na 14, an yi wani magini, Ibnu Rami, wanda alƙalai su kan aika ya dubo katangar da a ke gardama a kanta, ya dawo ya gaya musu abin da idonsa ya gani, daga baya ya tara hukunce-hukuncen cikin littafi. Akwai hukunci guda daga cikin irin waɗannan da ya cancanta kowane ma'aikaci ya haddace. In katangar mutum ta karkata, aka gargaɗe shi gaban shaidu, ya sami sararin rushe ta bai rushe ba, ta faɗa wa wani, to, ramuwa na kansa. Ku lura fa, gargaɗin nan shi ne ke jawo alhaki. Ashe tun can ana bukatar mutum mai ido, wanda zai tsaya ya ce wannan katanga ba ta da lafiya, a kuma ji maganarsa.

Mai idon nan a ƙasar Hausa shi ne sarkin magina. Ba shi da takarda, ma'auninsa taki ne da kamu da igiya, amma ya san abubuwan da har gobe injiniya ba zai ƙaryata ba. Ya san a haƙa tushe sai an taɓa ƙasa mai tauri. Ya san katanga ta yi kauri a gindi ta riƙa sirancewa tana hawa, a jera tubali tsininsa sama, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Ya san azara ta giginya ce, don gara ba ta cika cinta ba, ya kuma san iyakar faɗin da za ta ɗauka ita kaɗai, in ɗaki ya wuce nan sai a yi masa ginshiƙi ko bakan gizo. Rufin soro a shafe shi da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, jikin katanga kuwa da makuba ta kwasfar ɗorawa. Indararo ya yi tsawo, ya jefa ruwa nesa da gindi, amma kada ya zuba cikin gidan maƙwabci. Abin da ya fi duka, ya san ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwan fari sai an hau an liƙe tsaga, an yi yaɓe, an share indararo. Gidan da aka bari shekara biyu ba yaɓe, magina su kan san shi daga nesa, su kan kuma faɗa wa mai unguwa, don sun san ran da zai faɗi ba mai gidan kaɗai zai danne ba.

Cikin 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Ba a daɗe ba aka kafa Baitulmali, hakimai da alƙalai da dogarai suka koma cin albashi, En'e ta sami kuɗin da za ta ɗauki ma'aikata. Cikin 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi doka biyu da suka shafi maganarmu, ɗaya ta tsarin garuruwa, ɗaya ta lafiyar jama'a. Gaskiya dai ba don talaka aka fara yin su ba. Babban abin da ya dami Turawa shi ne sauro da masassara, har suka sa a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Amma doka in ta shigo gari ba ta tsayawa inda mai ita ya so.

Abin da ya juya Gusau sosai shi ne jirgin ƙasa. Hanyarsa ta taso daga Zariya, ta biyo ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙaurar Namoda cikin 1929. Sai ga injin gurzar auduga, ga kantunan sayen gyaɗa, ga Yarabawa da Ibo da Kwara da mutanen ƙasashe dabam-dabam sun cika wajen tasha. Aka yanka Sabon Gari da Tudun Wada, fuloti-fuloti, da tituna miƙaƙƙu, da 'yan hanyoyi a bayan gidaje don kwasar ƙazanta. Kayan gini ma suka sake, ga kwano, ga siminti, ga katako. Sarkin magina bai gaji waɗannan daga ubansa ba, baƙin nan kuwa da yawansu ba su san shi ba balle su ji tsoronsa. Ga kuma auduga jibge, wadda ba ta da abokin gaba kamar wuta. Nan ne aka bukaci wani sabon mai ido, mai albashi da littafi a hannu.

Shi ne dubagari. An buɗe makarantar tsabta a Kano cikin 1932, En'e-En'e suka riƙa aika samarinsu su koyo aikin. Tsofaffi sun fi tuna shi da leƙa randa yana neman tsutsar sauro, da duba salga, da kai mai gida gaban alƙali a ci shi tara. Da yake ba a yarda namiji baƙo ya shiga gidan kulle ba, a manyan birane har mata aka ɗauka su yi wannan aiki. Amma in mun duba da kyau, rabin aikinsa na gini ne. Shi ke hana a haƙa kududdufi a gindin katangar wani, shi ke sa a cike wanda ya riga ya zama tarko ga yara. Shi ke duba nisan salga da rijiya. In mutum ya tura dangarsa ya ci hanya, ko ya toshe inda ruwan unguwa ya saba bi, dubagari ne zai fara gani. A sabbin unguwanni kuma ba a kafa tushe sai malamin safiyo ya buga turaku, an ga mai gini bai ƙetare layi ba. Saboda haka aikin da a yau a ke kira duba gini, a zamanin En'e mutum uku ko huɗu ne ke riƙe da shi, sarkin magina, da dubagari, da ma'aikatan sashen ayyuka masu lura da gada da kwalbati da kasuwa, bisa kansu duka kuma mai unguwa, wanda ya san kowane gida da mai shi.

Sakkwato da nisa, wajen mil 130, harkar Gusau kuwa kullum ƙaruwa ta ke yi. Cikin 1938, shekarar da Abubakar ya zama Sarkin Musulmi, aka naɗa Ahmadu Bello, hakimin Raba, Sardauna, aka aiko shi ya zauna a Gusau yana lura da gundumomin gabas. Amfanin wannan ga ƙaramin ma'aikaci babba ne. In ya ce wa attajiri kada ka gina nan, attajiri ya ƙi, akwai wanda za a kai wa ƙara a cikin gari, ba sai takarda ta yi mako a hanya ba.

To, ran da abin ya auku fa? Labari ya kan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, hakimi ya sanad da Di'o. A yi shela, maza su fito, 'yan doka da dogarai su tsare kayan mutane daga ɓarayi. In gobara ce, ba motar kashe wuta, dabara ɗaya ce, a yaye jinkar ɗakunan da ke gaban wutar, a kwantar da darni, don ta iso ta rasa abin ci. Wanda ke nuna inda za a yanke shi ne wanda ya san yadda gidajen su ke a jere. Dokar da aka yi cikin 1933 don rage aikin tilas ma ba ta hana a kira jama'a su fito ba in wuta ce ko ambaliya ko annoba. In ƙura ta lafa sai ƙidaya. Malamin haraji na da littafin da aka rubuta kowane mai gida, saboda haka ba wuya a san gida nawa ya ƙone, wa ya rasa rumbu, wa ya kamata a rage wa haraji ko a yafe masa. Magina su bi sauran sorayen da ke tsaye, su ƙwanƙwasa azara, su ce wannan a kwana, wannan a fita. Sa'an nan gayya, wannan ya kawo kara, wancan ya kawo ciyawa, a yini ɗaya a ta da ɗaki.

Lokacin sāke gini shi ne lokacin da mai duba gini ya fi ƙarfi, shi ne kuma lokacin da a ke fi matsa masa, don kowa na gaggawa ya koma inda ya ke. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Birnin Landan ya ƙone cikin 1666, gidaje fiye da 13,000 suka tafi. Shekara na kewayowa aka yi doka, aka hana gini da katako, sai jan bulo ko dutse, aka ƙayyade kaurin katanga, aka faɗaɗa waɗansu hanyoyi, aka kuma naɗa ma'aikata masu rantsuwa su bi su ga an yi haka. Mutanen Landan sun yi gunaguni kamar yadda namu su kan yi in an ce su ja da baya kamu biyu. Da ba a tsaya musu ba a cikin 'yan watannin nan, da sun mai da birnin yadda ya ke, ya jira wata wutar.

Kada a ce na yabi zamanin En'e na rufe aibinsa. Dubagari ya zama abin tsoro ga mata da talakawa, akwai waɗanda suka mai da littafinsu abin neman toshi, a ba su sule su ga randa da tsabta, a hana su su ga tsutsa. Tara ta fi faɗa wa marar galihu, gidan babba kuwa a kan wuce shi da sallama. Kuɗin magudanar ruwa ya fi tafiya wajen bariki da kantuna, tsohon gari ya samu saura. Gayya ma wani lokaci ta kan zama ta gyaran gidan mai sarauta. Duk da haka abu biyu sun haɗu a wancan tsari, sanin ƙasa da ikon hanawa. Mutumin da ya san inda ruwa ke bi shi ne kuma mutumin da in ya ce a'a akwai mai goya masa baya.

Daga baya waɗannan biyu suka rabu. Zamanin mulkin soja, wajen 1967 da 1968, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi. Cikin 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa, filayen birni suka koma hannun gwamna, na karkara hannun ƙaramar hukuma. Tsohuwar dokar tsara gari ta 1946 aka sake ta da wata cikin 1992. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na da dalilinsa, ba kuwa ina cewa a koma baya ba ne. Amma ga abin da ya haifar a cikin lungu. Mai unguwa ya san inda ruwa ke kwana, ba shi da ikon hana gini. Mai ikon hanawa na zaune a ofis da taswira, mai yiwuwa bai taɓa ganin wurin da damina ba. Mai saye da mai sayarwa kuwa sun gama cinikinsu da rani, sa'ad da fadama ta ke a bushe kamar kowane fili.

Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, fili ya yi tsada, gari ya bazu ta kowace fuska har inda kakanni ba su yarda su kwana ba. Gini kuma ya zama ruwa biyu. Wani ya yi katangar ƙasa ya shafe ta da siminti, ya ɗauka ya huta da yaɓe, alhali kuwa siminti ba ya kama ƙasa sosai, ruwa ya kan shiga ta bayansa ya jiƙa ta a ɓoye, ba a sani ba sai ta zube. Wani ya sayi bulon da aka cika wa yashi don buhu ɗaya ya yi yawa. Wani ya ɗora bene a kan tushen da aka haƙa don ɗaki ɗaya. Sarkin magina bai san wannan gini ba, injiniya kuwa ba a kira shi ba.

Shekara goma cif bayan kafa jihar, ran Asabar 30 ga Satumba, 2006, cikin watan azumi, aka yi ruwa mai ƙarfi, madatsar ruwan da ke kan gulbi a gefen Gusau ta ɓalle. Labarin da aka bayar shi ne ƙofofin da a ke buɗewa a rage ruwa ba su yi aiki ba, ruwa ya fi ƙarfin madatsar. Jaridu sun ce wajen mutum 40 suka rasu, gidaje wajen 500 suka rushe. Mutanen Birnin Ruwa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, aka tsugunar da waɗansu a makaranta. Da yake kuma daga madatsar nan a ke ba gari ruwan famfo, sai wahala ta biyu ta biyo, gari na bakin gulbi amma ba ruwan sha mai tsabta. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ba na nufin in ɗora wa wani laifi, ƙaddara gaskiya ce. Amma ƙofar madatsa ƙarfe ce, ana iya gwada ta cikin Afrilu. Gidan da ke ƙasa da madatsa kuma ana iya ƙidaya shi tun kafin ruwa ya zo, a san ta inda mutanensa za su gudu. Dukansu biyu aikin mai dubawa ne, ranarsa kuwa ba ran 30 ga Satumba ba ce, watanni ne kafin nan.

Abin mamaki, a cikin wannan shekara ta 2006 ne gwamnatin tarayya ta fitar da kundin ƙa'idodin gini na ƙasa duka. Littafi ne mai kauri, ya yi maganar tushe da rodi da hanyar fita in wuta ta tashi, ya kuma ce a kafa sashen masu tilasta bin ƙa'ida a tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Amma tun cikin 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne, saboda haka kundin ba ya cizo a wuri sai jihar ta karɓe shi ta ba shi haƙora. Akwai kuma hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1999, tana kawo shinkafa da tabarmi da kwanon rufi in abu ya faru. Madalla da agaji. Sai dai kwanon nan in an ba mutum, ba wanda ya ce masa ga inda za ka kafa shi, komawa zai yi tsohon tushensa a bakin gulbi, ba don wauta ba, don nan ne kaɗai ya mallaka.

Akwai wata dabara da na ga ta dace da mu. A Kalifoniya ta Amurka, bayan girgizar ƙasa ta 1989, masu duba gini suka bi gida gida suna manna takarda a ƙofa, kore a shiga, rawaya a shiga da iyaka, ja kada a shiga. Ba wani abu ba ne illa abin da magina su ke yi da, sa'ad da su ke ƙwanƙwasa azara, sai dai an sa shi a rubuce yadda kowa zai gani. Muhimmancinsa a wurinmu shi ne, ginin ƙasa ba ran ambaliya kaɗai ya ke kisa ba. Katangar da ta sha ruwa a gindi ta kan tsaya kwana biyu ko uku kamar lafiya lau, mutane su komo su shimfiɗa tabarma, sa'an nan ta zauna da dare.

Wanda ya ke shakkar nauyin kalmar nan, kada a shiga, ya tuna da Zariya. Masallacin Jumma'a na can Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi, zamanin Sarki Abdulkarimu, ya yi kusan shekara ɗari biyu ana nuna shi a ce ga iyakar gwanintar maginan Hausa. Ran Jumma'a 11 ga Agusta, 2023, tsakiyar marka, wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, waɗanda suka rasu ba su kasa 7 ba. Mai martaba Sarkin Zazzau da kansa ya faɗa cewa an ga tsaga tun ran Alhamis, ana shirin kiran injiniyoyi. Ido ya gani ke nan, niyya kuma ta yi kyau, abin da ya rage kwana ɗaya ne tak. Rufe masallaci ran Jumma'a ba ƙaramin abu ba ne, ko rufe kasuwa ran cinta, ko fitar da tsoho daga ɗakin da aka haife shi. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba sai ya tabbata in ya yi, aka wayi gari ginin bai faɗi ba, ba za a kore shi ba.

Yau kuma ga wani nauyi da magabatanmu ba su ɗauka ba irinsa. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, jama'a da yawa sun baro gidajensu sun shigo Gusau da Tsafe da Bungudu. Waɗansu na kwana cikin kangayen da ba a gama ba, waɗansu sun sami ɗan fili mai araha sun kafa ɗaki, filin da ke da araha kuwa galibi shi ne wanda ruwa ke bi. Mutumin da ya gudo daga bindiga ba a fuskantarsa da takardar rushe gida kawai. In za a ce masa tashi, sai an nuna masa tudu. Wannan ya fi ƙarfin dubagari, magana ce ta hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da masu rabon fili su zauna tare, tun da rani.

Abin da ke hannunmu kuwa ba kaɗan ba ne. Tsarin mulki na 1999 ya bar wa ƙananan hukumomi gyaran tituna da magudanun ruwa, da kwashe shara, da sa wa gidaje lamba. Masu unguwanni suna nan, magina suna nan, malaman tsabta suna nan. A Birnin Ruwa da sauran unguwannin bakin gulbi akwai dattawa da yawa da suka ga ruwan 2006 da idonsu, za su iya kama hannun mutum su nuna masa inda ya tsaya, ƙofa ƙofa. A Bungudu akwai masu lambu da suka san iyakar gulbi ta kowace shekara, a Tsafe akwai waɗanda suka san kowane kwari da ke saukowa daga dutse. Ina roƙon hakimanmu, Allah ya ba su nasara, kowa ya sa malami guda ya bi waɗannan dattawa da littafi da fenti, a rubuta, a kuma sa alama a jikin gini, a ajiye kwafi ɗaya a fada, ɗaya a ofishin filaye, kafin watan Yuni ya kama.